HAYASHI TADAMASA, FALKEN HOTUNAN JAPAN

Idan aka ce a ba da tarihin wani mashahurin mutum, yawancinmu sarki muke zaɓa, ko jarumin yaƙi, ko wani babban malami. Mutumin da zan kawo muku labarinsa ba ya cikin waɗannan. Ɗan kasuwa ne, mutumin ƙasar Japan, sunansa Hayashi Tadamasa, ya kuwa rasu tun shekarar 1906. Hajarsa takardu ce masu hotuna, waɗanda mutanen ƙasarsa suka ɗauka abin banza ne. Yana saye da araha a Tokyo, yana sayarwa da tsada a birnin Faris. Wannan ciniki ya jawo masa dukiya da girma a Turai, ya kuma jawo masa zagi a gida, har wasu suka kira shi maci amanar ƙasa. Ina fata iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai za su bi labarin har ƙarshe, sa'an nan kowa ya duba ya ga ko zagin nan ya dace da shi.

Asalinsa da Karatunsa

An haife shi a cikin shekarar 1853 a garin Takaoka, cikin jihar da yanzu ake kira Toyama. Garin ya yi suna tun da daɗewa wajen ƙirar tagulla. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Shigeji, sunan gidansu kuwa Nagasaki. Gidan likitoci ne, kuma irin likitocin da suka koyi magani daga littattafan mutanen Holan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, domin Japan ta yi fiye da shekara 200 ƙofofinta suna rufe. Ba a barin ɗan ƙasa ya fita waje, a cikin Turawa kuma mutanen Holan kaɗai aka yarda su yi ciniki, su ma a tashar jirgin ruwa guda ɗaya tak. Watau dai yaron ya tashi a gidan da aka san akwai wata duniya a bayan teku, aka kuma san ana samun ilmi a can.

A shekarar da aka haife shi ne wani hafsan sojan ruwa na Amurka, Matthew Perry, ya iso gaɓar Japan da jiragen yaƙi 4, ya nemi a buɗe ƙasar. Ba a daɗe ba aka buɗe, ba don ana so ba. A shekarar 1868 mulkin sarakunan yaƙi da ake kira shogun ya faɗi, ragama ta koma hannun Sarki Meiji, birnin Edo ya zama Tokyo. Sababbin shugabanni suka ƙudura cewa lalle sai Japan ta kamo Turawa. Aka shiga shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka kafa makarantu irin na Turai, manyan ma'aikata suka aske tukkunsu suka sa kwat. Duk abin da ya fito daga Turai ya zama abin so, kayan gargajiya kuwa darajarsu ta faɗi warwas.

A shekarar 1870 wani babban ma'aikaci na Toyama mai suna Hayashi ya ɗauki Shigeji a matsayin ɗansa, kamar yadda al'adar ƙasar ta yarda. Daga nan ya zama Hayashi Tadamasa, domin Japanawa sunan gida suke fara faɗa kafin sunan mutum. Aka tura shi Tokyo, wata makarantar gwamnati wadda daga baya ta zama Jami'ar Tokyo, ya yi karatu da harshen Faransanci har bakinsa ya faɗa. Bai kai ga gamawa ba. A shekarar 1878 aka shirya babban bikin baje kolin duniya a Faris, wani kamfanin Japan mai fitar da kayan sana'ar hannu yana neman tafinta. Hayashi ya ajiye karatu ya shiga jirgi, yana da shekara 24 a duniya.

Hotunan da Ake Magana

Kafin mu bi shi Faris, ya kamata mu san irin hajar da za ta zama sana'arsa. Japanawa suna kiran waɗannan hotuna ukiyo-e, ma'anarsa hotunan duniya mai gushewa, watau duniyar wasa da nishaɗi ta mutanen birni. A cikinsu ana ganin 'yan wasan kwaikwayo, da mata cikin kwalliya, da 'yan kokawa, da duwatsu da gadoji da matafiya a kan hanya.

Mutum huɗu ne suke haɗa hannu kafin hoto ya fito. Na farko shi ne mai jari, wanda yake da shago, shi yake biyan kowa, shi kuma yake sayarwa. Na biyu mai zane, wanda zai zana hoton da burushi a kan siririyar takarda. Na uku masassaƙi. Shi zai manna takardar nan a kife a kan allon katako na wani itace mai tauri da ake kira ceri, ya sa wuƙa ya sassaƙe ko'ina, ya bar layukan zanen kaɗai a tsaye, har da silin gashin kai. A nan asalin zanen yake lalacewa, ba ya sake dawowa. Bayan wannan allo na layuka, kowane launi sai an sassaƙa masa nasa, har akan kai goma ko fiye. Na huɗu shi ne mai bugu. Zai shafa launi a kan allo da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai danshi, ya goga bayanta da wani abu mai kamar ɗan faifai wanda aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji ko kaɗan, ƙarfin hannu ne. A gefen kowane allo akwai 'yar alama da ake jingina bakin takarda a kai, don kada ja ya hau inda shuɗi zai zauna. Wannan dabara ta buga launuka da yawa ta kankama ne a shekarar 1765, a zamanin wani mai zane da ake kira Harunobu.

Akan buga kamar 200 a tashin farko. In kasuwa ta karɓa a ƙara, har sai allon ya gaji. Saboda haka hotunan ba su da tsada, kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya ya isa mutum ya sayi guda. Talaka yakan manna a bango, ko ya kai wa 'yan'uwa tsaraba daga birni, in ya tsufa a jefar. Manyan mutane ba su ɗauke su a bakin komai ba, su zanen hannu a kan siliki suke girmamawa. Masu zanen da duniya ta sani a yau, irin su Utamaro wanda ya rasu a 1806, da Hokusai wanda ya rasu a 1849, da Hiroshige wanda ya rasu a 1858, duk a wannan sana'a ta kasuwa suka ci abinci.

Zamansa a Faris

Da Hayashi ya isa Faris sai ya tarar da abin mamaki. Takardun nan da ake jefarwa a gida, Turawa suna rububinsu. Masu zane na Faransa sun ga yadda Japanawa suke shimfiɗa launi, da yadda sukan yanke hoto a wurin da Bature ba zai yanke ba, abin ya ƙayatar da su ƙwarai. Amma fa so ne ba tare da sani ba. Ba su iya karanta sa hannun mai zane ba, ba su san wanda ya riga wani ba, ba su kuma iya bambanta tsohon bugu da na jiya ba. Shi kuwa ga Japananci, ga Faransanci. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Da aka tashi daga bikin bai koma gida ba. Shi kansa a lokacin ba masanin hotuna ba ne, sai da ya zauna ya koya. Wanda ya fi taimaka masa shi ne Wakai Kenzaburo, wani dattijo gwanin sanin kayan da, wanda yake babba a kamfanin da ya kawo shi. Suka haɗa jari a shekarar 1884, zuwa 1890 kuma Hayashi ya tsaya da ƙafafunsa, a gida mai lamba 65 a titin Victoire.

Abin da ya bambanta shi da sauran dillalai shi ne, ya gane cewa mai saye ba ya biyan kuɗi mai yawa a kan abin da bai fahimta ba. Saboda haka sai ya zama malami kafin ya zama mai sayarwa. Ya taimaki Louis Gonse wajen rubuta babban littafinsa a kan fasahar Japan, wanda ya fito a 1883. Ya riƙa fassara wa marubucin nan Edmond de Goncourt tsofaffin takardun Japananci, har ya rubuta littafi a kan Utamaro a 1891, da wani a kan Hokusai a 1896. A watan Mayu na 1886 wata mujallar Faris ta fitar da fitowa ta musamman a kan Japan, Hayashi ne ya rubuta bayanin da ke ciki. A bangon mujallar akwai hoton wata mace cikin kwalliya, aikin wani mai zane da ake kira Eisen. Wani talakan mai zane ɗan ƙasar Holan da ke zaune a Faris ya ga bangon, ya kwaikwaye shi da fenti a shekarar 1887. Sunan wannan talaka Vincent van Gogh, zanen nasa kuwa yana nan a birnin Amstadam.

Ba shi kaɗai ke wannan kasuwa ba. Babban abokin gasarsa shi ne Siegfried Bing, haifaffen Jamus, wanda ya shirya gagarumin nunin hotunan Japan a Faris a shekarar 1890. Bayan wannan nuni farashi ya tashi, masu kuɗi suka shigo. Hayashi yana da wakilai a Tokyo, suna bin tsofaffin gidaje da shagunan tsofaffin littattafai suna saye, ana tantancewa, ana ɗaurewa, ana sakawa a jirgin ruwa. An lissafa cewa tsakanin 1890 da 1901 hotunan da suka zo masa sun haura 150,000, ban da littattafai masu hotuna kusan 10,000.

Yadda Ake Sanin Darajar Hoto

To, a nan ne mai karatu zai yi tambaya. Tun da hoto ɗaya ana buga shi ɗaruruwa ko dubbai, me zai sa wani ya fi wani tsada? Amsar wannan tambaya ita ce dukan sana'ar Hayashi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga abubuwan da idon masani yake dubawa, tun daga zamaninsa har zuwa yau.

Na farko, lokacin da aka buga takardar. Katako yana cinyewa da yawan guga. Bugun farko layukansa sirara ne, masu kaifi, ba su yanke ba. In an buga dubbai sai layi ya yi kauri, wani wuri ya ɓalle, ya bar giɓi a zanen. Har wa yau, bugun farko akan yi shi a gaban mai zane, da natsuwa, a sa launi ya tashi daga duhu zuwa haske a hankali. Daga baya in ana gaggawar kai kaya kasuwa, sai mai jari ya rage launuka don ya rage kashe kuɗi. Masani yakan ajiye takarda biyu na hoto ɗaya gefe da gefe, ya bi layukan da ido, ya faɗi wadda ta riga fitowa.

Na biyu, launi. Yawancin tsofaffin launukan daga furanni da ganyaye ake samo su, ba sa kuwa jure hasken rana. Ja mai haske yakan koɗe, shuɗin fure ya koma ruwan ƙasa. Saboda haka hoton da aka rataye a bango shekara da shekaru ya yi asara, wanda aka manta da shi a cikin akwati mai duhu shi ne ya tsira. A zamanin Hokusai ne aka fara yawan amfani da wani shuɗi da ake kawowa daga Turai, wanda ba ya saurin koɗewa, ganinsa a hoto ma yana taimakawa wajen sanin zamanin aikin.

Na uku, lafiyar takardar. Ana ɗaga ta a haske a ga ko ƙwaro ya huda ta, ko an naɗe ta ta karye a tsakiya, ko ruwa ya taɓa ta, ko an datse gefenta da almakashi, ko wani ya yi mata faci ya sake shafa launi don ya rufe aibi. Ana juya bayanta kuma, domin bugun hannu yakan bar sawun guga, launi kuma yakan ɗan ratsa.

Na huɗu, sunan mai zane da ƙarancin aikinsa. Akwai wani da ake kira Sharaku, wanda ya yi aiki wata 10 kacal, tsakanin 1794 da 1795, yana zana fuskokin 'yan wasa, sa'an nan ya ɓace. Tun da aikinsa kaɗan ne, kowace takarda tasa tana da tsada. Ban da sa hannun mai zane, akwai tambarin mai jari, akwai kuma hatimin hukuma, domin tun daga wajen 1790 sai masu duba na gwamnati sun yarda kafin a buga hoto. Siffar wannan hatimi takan canja daga zamani zuwa zamani, wanda ya san su zai iya faɗin shekarun da aka yi aikin.

Na biyar, hannun da takardar ta bi. A nan Hayashi ya yi abin da har yanzu ake tunawa da shi. Yana da ɗan ƙaramin hatimi mai ɗauke da sunansa, yakan buga shi da jar tawada a gefen hotunan da suka bi ta hannunsa. Mai saye in ya ga wannan alama hankalinsa yakan kwanta, domin ya san mutumin ya sa sunansa a kai, in ya yi ƙarya kuwa kasuwarsa ce za ta mutu. Har yau ana ganin ɗan jan hatimin nan a kan hotuna a manyan gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka, masu gwanjo kuma sukan ambace shi a cikin bayanin kaya.

Don a ga inda wannan lissafi ya kai, sai mu ɗauki hoton Hokusai na babbar igiyar ruwa tana shirin rufe jiragen masunta, dutsen Fuji yana can nesa. An fara buga shi wajen shekarar 1831, aka buga dubbai, ana sayarwa a kan kuɗin taliya. Waɗanda aka san sun rage ɗari ne da 'yan kai. A shekarar 2023 aka yi gwanjon guda ɗaya mai kyawun bugu a birnin Niyok, aka saye shi a kan dalar Amurka miliyan 2.76.

Abokansa da Aikin Ƙasa

Hayashi bai tsaya ga karɓar kuɗi kawai ba. Ya yi abota da masu zanen Faransa na sabon salo, irin su Claude Monet da Edgar Degas, a lokacin da mutane da yawa ba su gama yarda da aikinsu ba. Wani lokaci musaya suke yi, ya ba da hotunan Japan, a ba shi zanen fenti. Gidan Monet da ke ƙauyen Giverny yana da hotunan Japan fiye da 200. Ta haka Hayashi ya riƙa tara zane-zanen Turai, yana da wata niyya a ransa wadda za mu zo kanta.

Yakan taimaki samarin Japan da suka zo karatu. Akwai wani mai suna Kuroda Seiki, wanda ya zo Faransa a 1884 don ya karanta shari'a. Hayashi yana cikin waɗanda suka ga baiwarsa suka ba shi shawara ya koma zane. Kuroda ya bi shawarar, daga baya ya zama jagoran masu zane irin na Turai a Japan. A bikin baje kolin duniya na Shikago a 1893, Hayashi ya kai siffofin shaho 12 na ƙarfe, waɗanda ya sa gwanin maƙeri Suzuki Chokichi ya ƙera, don a ga cewa hannun Japanawa bai mutu ba. A 1894 kuma ya ba gidan tarihi na Louvre kyautar tarin ƙarafan nan masu ado da ke tsare hannu a ƙotar takubban Japan.

Girman da ya fi kowanne ya zo masa a shekarar 1900, sa'ad da gwamnatin Japan ta naɗa shi shugaban sashenta a bikin baje kolin duniya na Faris. Irin wannan muƙami na manyan ma'aikatan gwamnati ne, ba a saba ba ɗan kasuwa ba. Ya tsaya aka kawo tsofaffin kayan fasaha daga fadar sarki da gidajen ibada, aka kuma buga littafin tarihin fasahar Japan da Faransanci, don Turawa su san cewa ƙasar tana da tarihin fasaha na fiye da shekara dubu, hotunan kasuwa reshe ɗaya ne kawai. Faransawa suka yaba, suka girmama shi. Amma saɓani ya shiga tsakaninsa da 'yan kasuwar Japan da suka kai kaya bikin, suka koma gida suna ɓata masa suna.

Komawarsa Gida

Bayan bikin Hayashi ya yanke shawarar naɗe tabarmar ciniki. A shekarun 1902 da 1903 aka yi gwanjon kayansa na Japan a Faris. A 1905, bayan shekara 27, ya koma Tokyo da zane-zanen Turai kimanin 500. Niyyar da muka ambata ita ce ya kafa gidan nunin fasahar Turai a Japan, domin ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi ya ga aikin Turawa da idonsa. Watau yadda ya kai wa Turawa fasahar Japan, haka yake so ya kawo wa Japanawa fasahar Turawa.

Bai sami yin haka ba. Ya dawo ba shi da lafiya, ya rasu a Tokyo a watan Afrilu na 1906, yana da shekara 52. Ba a sami wanda zai tsaya wa burinsa ba, a gwamnati ko a cikin attajirai. A shekarar 1913 aka kwashi yawancin zane-zanen aka yi gwanjonsu a Niyok, suka watse a duniya. Sau biyu ke nan mutumin nan yana riƙe da abu mai daraja a hannu, mutanensa ba su gani ba. Sai a shekarar 1959, shekara 53 bayan rasuwarsa, aka buɗe gidan nunin fasahar Turai na ƙasa a Tokyo.

Maci Amana ne ko Mai Hangen Nesa?

Sa'ad da Japanawa suka farga cewa duniya tana girmama hotunansu, sai suka duba suka ga mafi kyawu sun riga sun ƙetare teku. Rai ya ɓaci, aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, sunan Hayashi ne a kusa. Masu zarginsa suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Ya sayi kaya da araha daga hannun mutanen da ba su san abin da suke sayarwa ba, ya ci riba mai yawa. Saboda cinikinsa da na irinsa, an yi zamanin da ɗan Japan mai son ganin aikin Utamaro mafi kyau sai ya tafi Faris ko Amurka.

Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a sa a ɗaya gefen ma'auni. Na ɗaya, bai saci kome ba, bai ƙwace ba, ciniki ne a fili, a lokacin kuwa ba wanda ya tsaya ya ce a ajiye hotunan a gida. Kukan da aka yi daga baya ihu ne bayan hari. Na biyu, takarda ba ta jure wuta. A shekarar 1923 girgizar ƙasa da gobara suka cinye yawancin Tokyo, mutane fiye da 100,000 suka halaka, a 1945 kuma bama-baman yaƙi suka sake ƙone birnin. Hotunan da suke cikin akwatunan Turawa wutar Tokyo ba ta taɓa su ba. Na uku, wasu sun dawo. Ɗaya daga cikin masu saye a wurin Hayashi shi ne Henri Vever, mai sana'ar kayan ado na zinariya a Faris. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya wani attajirin Japan, Matsukata Kojiro, ya sayi hotuna kimanin 8,000 daga hannunsa ya mai da su gida, yanzu suna gidan tarihi na ƙasa a Tokyo. Sai dai kuɗin da aka biya wajen dawo da su ba irin wanda aka karɓa wajen fitar da su ba ne.

A hankali Japanawa suka sake duba al'amarinsa. A shekarar 2019 gidan nunin fasahar Turai na Tokyo, irin wanda ya yi burin kafawa, ya shirya nuni na musamman a kan rayuwarsa. A 2024 kuma aka fitar da sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000, a bayanta ga igiyar ruwan nan ta Hokusai.

A ganina Hayashi ɗan kasuwa ne mai neman riba, ba kuwa laifi ba ne neman riba. Abin da ya fi mutanen zamaninsa da shi shi ne ya zauna ya koyi darajar abin da kowa ya raina, ya iya bayyana ta, ya kuma yarda ya sa sunansa a kan hukuncinsa. Da a ce an sami mutum goma irinsa a Tokyo a shekarar 1880, masu saye su ajiye a gida, da babu hotunan da za a cika jirgi da su. Wannan ra'ayina ne. Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda za su ce duk da haka bai kamata ya fitar da su ba, kuma zan so in ga amsarsu a fitowar mujallarmu ta gaba.